Daga Shafi Zuwa Majigi: Sauyin Mazaunin Ɗabi'u a In Da So Da Ƙauna da Devdas

Tsakure

Wannan maƙala ta kwatanta ɗabi'un da ke cikin labaran soyayya biyu da aka fara rubutawa a littafi kafin a mayar da su fim: In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino da fim ɗinsa na 1994, sai Devdas na Sarat Chandra Chattopadhyay (1917) da fim ɗin Sanjay Leela Bhansali na 2002. Manufarta ita ce gano makomar gaskiya da biyayya da haƙuri da kunya idan labari ya tashi daga takarda ya koma gaban kyamara. Nazarin ya nuna cewa ɗabi'un suna nan a kafofin biyu, amma wanda ke ɗauke da nauyinsu yana sauyawa. Littafi yana aza nauyin a zuciyar tauraro, fim kuwa yana sauke shi a kan abin da ido zai iya gani.

1.0 Gabatarwa

Wanda ya tsaya a bakin Jakara, cikin birnin Kano, yana tsakanin kafofi biyun da wannan maƙala ta shafa. Ga Kasuwar Kurmi, wadda Sarki Muhammadu Rumfa ya kafa a ƙarni na 15, inda 'yan littattafai suka daɗe suna baje hajarsu, tun daga littattafan addini da na ajami har zuwa na soyayya masu bango mai zane da suka cika rumfuna a shekarun 1990. Dab da kasuwar kuma aka gina silimar Palace a farkon shekarun 1950, silima ta farko a cikin ganuwa. Buɗe ta bai zo da sauƙi ba, domin matasan birni sun riƙa jifan masu shiga kallo, ga kuma gobarar silimar El Duniya ta 1951, wadda ta ci rayuka 331, tana nan ɗanya a zukatan mutane, da yawa suna ɗaukar ta a matsayin ishara. Daga baya an mayar da ginin Palace asibiti. Ba nisa da nan Zangon Barebari take, unguwar da Ado Ahmad Gidan Dabino, haifaffen 1964, ya tashi.

Ke nan tun asali mutanen wannan yanki ba su auna littafi da majigi da mudu ɗaya ba. Tambayar maƙalar ita ce: idan labari ɗaya ya bi ta kafofin biyu, me ke samun tarbiyyar da ke cikinsa? An haɗa da Devdas ne saboda finafinan Indiya sun zama abincin masu kallo a Kano tun shekarun 1950, kuma labarin yana da ƙashin baya iri ɗaya da na Sumayya da Muhammad, taurarin In Da So Da Ƙauna: masoya biyu, bambancin matsayi, da manya da suka zaɓi wani mijin.

2.0 Bitar Ra'ayoyin da Suka Gabata

A fagen nazarin juyar da littafi zuwa fim, George Bluestone (1957) ya kafa hujjar cewa kafofin biyu jinsi ne mabambanta, ɗaya na aiki da kalma ɗaya na aiki da hoto, don haka sauyi tilas ne. Linda Hutcheon (2006) ta ƙara da cewa auna fim da ma'aunin riƙon amanar tushe kaɗai tauye shi ne, domin kowace juyarwa sabuwar ƙirƙira ce. Wannan ra'i ya 'yantar da manazarta daga lissafin abin da aka cire da abin da aka ƙara, sai dai ya yi sakaci da tambayar da ta fi damun Bahaushe mai kallo, wato ko darasin labarin ya tsira.

A gida kuwa, muhawarar ta fi karkata ga darajar littattafan su kansu. Ibrahim Malumfashi ne ya raɗa musu suna Adabin Kasuwar Kano, yana ganin ba su kai matsayin adabi mai ɗorewa ba. Abdalla Uba Adamu ya kare su a muhawarar da aka yi a shafukan jaridar New Nigerian a ƙarshen shekarun 1990, yana mai cewa madubi ne na rayuwar matasan birni. Brian Larkin (1997) ya nazarci In Da So Da Ƙauna kai tsaye, ya nuna yadda finafinan Indiya suka ba marubutan soyayya hanyar tattauna auren dole ba tare da sun ari rayuwar Turawa ba. Novian Whitsitt ya duba ayyukan Balaraba Ramat Yakubu da Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa ta fuskar haƙƙin mata a Musulunci. Duk waɗannan sun tsaya ne a kan littafi shi kaɗai ko fim shi kaɗai. Gurbin da ya rage shi ne a jera su kafaɗa da kafaɗa a kan batun ɗabi'a.

3.0 Hanyar Gudanar da Nazari

An yi amfani da kwatancen matani. Ma'aunin ɗabi'u an ɗauko shi daga siffofin mutumin kirki da A. H. M. Kirk-Greene (1974) ya tattara daga bakin Hausawa: gaskiya, amana, karamci, haƙuri, hankali, kunya, ladabi, mutunci, hikima da adalci. An zaɓi waɗanda rikicin soyayya ya fi taɓawa, aka ƙara da biyayya ga iyaye. An ƙirƙiri kalmomin fannu biyu domin sauƙaƙa bayani. Mazaunin laifi shi ne wanda labari ya ɗora wa alhakin abin da ya faru. Mazaunin ɗabi'a kuwa shi ne wurin da mai karatu ko mai kallo ke neman shaidar halin kirki, ko a zancen zuci, ko a aiki, ko a jikin ɗan wasa.

4.0 Nazari

4.1 Mazaunin Laifi

A nan Devdas ya fi ba da hujja, domin tazarar da ke tsakanin littafin da fim ɗin 2002 mai faɗi ce.

A littafin, Devdas ɗan mai gonaki ne a ƙauyen Talsonapur na ƙasar Bengal, Parvati, wadda ake kira Paro, 'yar maƙwabtansu ce masu ƙaramin ƙarfi. Iyayensa sun ƙi haɗin saboda dangin Paro suna karɓar kuɗi idan za su aurar da 'ya, abin da manyan gidaje a can ke ɗauka ƙasƙanci ne. Bahaushe, wanda a wurinsa sadaki haƙƙin mace ne, yana buƙatar a yi masa wannan bayani kafin ya gane inda aibin yake. To amma ƙin iyaye ba shi ya rusa al'amarin ba. Paro ta yi kasadar da ba a san mace da ita ba, ta je ɗakin Devdas da tsakar dare ta miƙa masa rayuwarta. Shi kuwa ya kasa tsayawa, ya gudu Kalkata, ya aiko mata wasiƙar janyewa. Da nadama ta kama shi ya dawo, ya tarar an sa mata rana da wani, sai ya same ta a bakin ruwa, ta mayar masa da magana cikin izza, ya ɗauki sandar fatsa ya buga mata a goshi har ya bar mata tabo. Marubucin bai wanke shi ba. Raunin zuciya da girman kai da rashin cika alkawari duk nasa ne, giyar da ta kashe shi ma daga baya ta biyo.

Bhansali ya riƙe wasiƙar da tabon, amma ya kewaye su da wasu masu laifi da littafin bai san da su a wannan siffa ba. Ya ƙirƙiri fitowar da Kaushalya, mahaifiyar Devdas, ta tozarta Sumitra, mahaifiyar Paro, a gaban taron biki bayan ta sa ta yi rawa. Ya mayar da Kumud, matar yayan Devdas, makira mai hura wuta. Ya kawo Kalibabu, surukin mijin Paro, ya zama mugun da ke tona asiri. Ko tabon ma an sauya masa kama: sarƙar lu'ulu'u ce ta fasa goshin a ranar aure, cikin kiɗa da haske, har jinin ya yi kama da jan garin da matan aure na Hindu ke sawa a tsagar kai. Duka ya koma kamar ɗaurin alkawari. An kuma ba Paro fitilar da ta kunna tun tafiyarsa karatu Landan, ba Kalkata ba kamar a littafi, wadda ba ta mutu ba sai da ya cika.

Sakamakon haka shi ne mazaunin laifi ya tashi daga ƙirjin tauraro ya koma kan dangi da magabta. Dalilin ba boyayye ba ne. Kyamara ba ta iya ɗaukar raunin niyya, amma tana iya ɗaukar fuskar makira. Ga kuma Shah Rukh Khan da ya fito a matsayin Devdas, wanda masu kallo suka shigo suna ƙaunarsa tun kafin a fara, kuma so hana ganin laifi. Mai karatu yana rufe littafin yana tausayin mutumin da ya cuci kansa, mai kallo yana tashi yana tausayin mutumin da aka cuta. Ta fuskar tarbiyya wannan asara ce, domin darasin ɗaukar alhakin kai shi ne mafi tsada a littafin.

4.2 Biyayya da Haƙuri

In Da So Da Ƙauna ya bi wata hanya, saboda marubucin da kansa ne ya jagoranci mayar da shi fim, shekara huɗu kacal bayan Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa ya buɗe kasuwar fim ɗin bidiyo a 1990. Jigon bai fita daga hannun mai shi ba. Sumayya 'yar masu hali ce, Muhammad talaka ne mai natsuwa, Abdulƙadir kuma attajiri ne da ya biyo ta hannun kakarta da alheri har ta tsaya masa.

Abin lura a tsarin labarin shi ne mahaifin Sumayya shi ma ɗa ne. Tilascin da ya sauka a kanta ya biyo ta tsani ne: kaka ta matsa wa ɗanta, ɗan ya kasa saɓa wa mahaifiyarsa, nauyin ya faɗo kan jika. Babu wanda ya fita daga biyayya a cikinsu, amma an wayi gari ana zalunci. Wannan ita ce tambaya mafi zurfi a littafin, kuma a shafi ake iya bin ta daki-daki, domin mai karatu yana shiga tunanin kowa ya ga yadda tsoron fushin uwa ke ɗaure hannun uba. A fim, tsohuwa mai faɗa da attajiri mai taƙama su ne ido ke saurin kamawa, sai tambayar ta sauƙaƙa ta koma rikicin nagari da mugu. Hatsarin da ya sami Devdas ke nan, ko da yake a nan bai kai can ba.

Haƙuri ma ya sami irin wannan ragi. Sarat Chandra ya ba da fili mai yawa ga zaman Paro a gidan mijinta Bhuvan Choudhury, dattijon da matarsa ta rasu ta bar masa manyan 'ya'ya. Ta riƙe gidan, ta jawo 'ya'yan miji a jiki, ta shahara da ciyar da mabukata. Chandramukhi kuwa, mai rawar da ta kamu da son Devdas, ta bar sana'ar rawa ta koma ƙauye da zama. Matan biyu ba su taɓa zama wuri ɗaya ba a littafin, a fim ɗin Bimal Roy na 1955 ma giftawa kawai suka yi a hanya. Bhansali ya haɗa Aishwarya Rai (Paro) da Madhuri Dixit (Chandramukhi) a rawa ɗaya lokacin bikin Durga, ya mayar da gidan mijin Paro kurkuku. Haƙuri aiki ne na shekaru, ba shi da ƙyalli, shi ya sa fim mai neman cika ido yake tsallake shi.

4.3 Kunya

A nan ne fim ɗin Hausa ya bambanta da na Indiya, kuma a nan sauyin mazauni ya fi fitowa fili.

Sumayya ce ta fara bayyana so, ta hanyar wasiƙa. Ga wanda ya san zaman birni a wancan lokaci, wasiƙa mafaka ce ta kunya. Budurwa za ta yage takarda daga tsakiyar littafin makaranta, ta rubuta abin da bakinta ba zai iya furtawa ba, ta ninke ta ƙanana, ta damƙa wa ƙaramin yaro ya kai. In sun haɗu da saurayin a zaure da dare, kanta a sunkuye, tana wasa da gefen mayafi, kamar ba ita ta rubuta ba. Shi ma littafin a haka ake karanta shi, mutum ɗaya a ɗaki, ko a ɓoye cikin jakar makaranta, ana karɓar aro daga hannu zuwa hannu. Sirri ne ya tafi wurin sirri.

Fim ba shi da wannan sutura. Dole a ji abin da ke cikin wasiƙa ko a gan shi, dole wata mace mai rai, mai iyaye da unguwa, ta ari bakin Sumayya. Wurin kallon ma ya sauya. A wancan lokaci silima irin Palace wuri ne na maza, matan aure da 'yan mata masu kamun kai ba sa zuwa. Kaset ɗin bidiyo kuwa ya shigo har tsakar gida, inda uwa da 'ya da suruka da ƙannen miji ke zaune gaban talabijin ɗaya. Kalmar da budurwa ta karanta ita kaɗai ba ta ji komai ba, yanzu ana furta ta da ƙarfi mahaifiyarta na zaune. Kunya ta tashi daga zama jigo a cikin labari ta zama sharaɗin yin fim ɗin da na kallonsa.

Wannan ne ya haifar da salon da aka san fim ɗin Hausa da shi, masoya a tsaye da tazara a tsakaninsu, ba riƙe hannu, ba runguma, sai waƙa ta ɗauki abin da jiki ba zai nuna ba. Waƙar aro ce daga Indiya, amma aikin da take yi a nan na gida ne, aikin da wasiƙa ta yi a littafi. Abin da ya biyo baya ya tabbatar da cewa al'umma a jikin ɗan wasa take neman shaidar ɗabi'a. Bayan ƙaddamar da Shari'a a Kano a 2000, an kafa Hukumar Tace Finafinai da Ɗab'i a 2001, kuma dokokin da suka fi tasiri sun shafi sutura da rawa da taɓa juna tsakanin mace da namiji. Littattafai ma ba su tsira ba, domin a 2007 hukumar A Daidaita Sahu ta ƙona wasu a bainar jama'a, amma ba a cika tuhumar marubuci da cewa shi ne tauraron labarinsa ba. 'Yar wasa kuwa har kasuwa ana kiranta da sunan da ta fito da shi, ana kuma yi mata hukunci da halin da ta ara.

4.4 Rijiya da Ƙofar Gida

Fitowar da aka fi sukar In Da So Da Ƙauna a kanta ita ce faɗawar Sumayya rijiya da aka matsa mata. Masu suka sun ce kisan kai haramun ne, kuma 'yan mata za su kwaikwaya. Sukar tana da tushe, sai dai nauyinta ya danganta da kafa. Mai karatu ya biyo Sumayya shafi bayan shafi, ya ga ƙofofin da ta ƙwanƙwasa aka rufe, don haka yana karanta rijiyar a matsayin tuhuma ga manyan da suka kai ta can. A allo aikin na ɗaukar daƙiƙu kaɗan, kuma gani ya kori ji: hoton ne ke zama a ƙwaƙwalwa, dalilan su bi ruwa. Rijiya kuma ba baƙon abu ba ce, tana tsakar gidaje da yawa a cikin birni.

Duk da haka labarin bai bar ta ta mutu ba. An ceto ta, manya suka sauko, aure ya tabbata da yardarsu. So bai yi nasara ba sai da ya bi ta ƙofar albarkar iyaye, kuma wannan ne ya raba shi da Devdas. Can tauraron ya cika alkawarin zuwa ƙofar gidan Paro kafin ya mutu, amma littafin bai yi masa ado ba: baƙo ne da aka tsinta a bakin hanya, aka gane shi ta wasiƙun da ke jikinsa, aka kai gawar aka ƙona sama-sama. Bhansali ya cire wannan wulaƙanci, ya bar Paro tana gudu farin mayafinta na jan ƙasa, manyan ƙyamare na rufuwa, fitila na mutuwa. Mutuwar mashayi ta zama abin sha'awa.

4.5 Dukiya a Gaban Kyamara

Littattafan biyu suna tuhumar fifita dukiya da asali a kan hali. A takarda wannan ba shi da wuya, domin marubuci na iya cewa mutum attajiri ne a jimla ɗaya ya wuce zuwa halinsa. Mai fim sai ya nuna. Devdas na 2002 ya ci kusan rupi miliyan 500, ya zama fim mafi tsada da Indiya ta yi zuwa lokacin, aka kuma nuna shi a bikin finafinai na Cannes a Faransa. Gidan su Paro, wanda ƙasƙancin matsayinsa ne tushen ƙin auren, an gina shi da gilasai masu launi kamar fada, har mai kallo ya rasa inda bambancin matsayin yake. Hujjar labarin ta nutse a cikin adonsa.

Fim ɗin Hausa na 1994 ba shi da irin wannan kuɗi, amma matsalar ta same shi daidai ƙarfinsa. Kafin mai kallo ya yarda Abdulƙadir attajiri ne, sai ya ga mota da babbar riga da falo mai kujeru, kuma kyamara ba ta da hanyar nuna waɗannan ba tare da ta ƙawata su ba. Arzikin Muhammad kuwa natsuwa ce da gaskiya da ilimi, abubuwan da ba su da launi a allo, sai dai a ji su a magana ko a karanta su a fuskar ɗan wasa. Yarinyar da ke kallo a wani gida a Jakara tana jin labarin yana ce mata ta zaɓi Muhammad, idonta kuma yana kan motar Abdulƙadir da ke tsaye a ƙofar gidan su Sumayya.